Tsohon Babur a Katsina: Boxer, Jincheng, Roba-roba ko Honda, Wanne Zai Riƙe Ka?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi warwas a gaban dala, sabon babur a kwali ya fi ƙarfin yawancin malaman makaranta, ƙananan ma'aikata da masu ƙaramar sana'a. Dole ta sa aka koma neman na hannu. Wanda ya tara 'yan kuɗinsa ya shiga wajen dillalai a Katsina ko Daura, kusan abu huɗu zai tarar: Boxer da ya sha kabu-kabu, tsohon Jincheng mai hayaƙi, roba-roba da aka fito da shi daga wani gida, sai Honda ko ɗaya daga cikin na China da aka kwaikwayo injinsu daga Honda. Kowanne da mai yabonsa, kuma kowane mai yabo yana da tasa gaskiyar.

A wajena sunan kamfani shi ne na uku a lissafi. Na farko takarda. Na biyu irin wahalar da babur ɗin ya sha da hannun da ya riƙe shi. Boxer ɗan shekara biyu da ya yi kabu-kabu daga asuba zuwa dare ya fi roba-roba ɗan shekara takwas tsufa, muddin roba-roban bai san wata hanya ba sai ta gida zuwa ofis. Saboda haka bari mu fara da ma'aunan, kafin mu ɗora kowane babur a kansu.

Takarda kafin kik

Kada ka buga kik, kada ma ka yaba fenti, sai ka ga takarda. A jiharmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ƙarshen watan Agustan 2021, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar daƙile matsalar tsaro, cikin abubuwan da aka haramta har da sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi. Dalilin a fili yake: babur ɗin sata yana da kasuwa, kuma a daji ake buƙatarsa. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike, “wallahi saya na yi” ba ta fitar da mutum, sai takarda.

Abin da za ka nema: rasit ɗin asali na shagon da aka fara sayen babur ɗin, mai ɗauke da lambar inji da lambar shasi, takardun lamba idan an yi masa rajista, da takardar yarjejeniyar kowane hannu da ya bi. Sannan ka tsuguna da kanka ka karanta lambobin a jikin ƙarfe. Lambar shasi galibi tana wuyan babur, ƙasan kai, ta inji kuma tana ƙasa ta ɓangaren hagu, kusa da giya. Ka goge wurin da tsumma. In ka ga alamar an gurje ƙarfen, ko haruffan ba su jeru daidai ba, ko wurin lambar kaɗai ke da sabon fenti, yi sallama ka tafi. Babu rangwamen da ya kai wannan haɗarin.

Lambar shasi tana faɗin wasu abubuwan ma. Cikakkiyarta harufa da lambobi 17 ne. Na China suna farawa da L, na Bajaj da MD2, na TVS da MD6. A na China, harafi na goma shekarar ƙira ce: A 2010, F 2015, J 2018, L 2020, P 2023. Dillali ya ce maka “bai fi shekara uku ba” alhali harafi na goma E ne, ka san ƙirar 2014 kake kallo, ka kuma san yadda za ka ɗauki sauran maganganunsa.

In lambar inji ta saɓa da rasit, wataƙila an canja inji ne. Hakan na faruwa, amma sai a kawo rasit ɗin injin da aka ɗora. Ranar biyan kuɗi a rubuta yarjejeniya da shaidu, a haɗa da kwafin katin shaidar mai sayarwa, kuma ya zama ka san gidansa, ko mai unguwarsu ya san da cinikin. A fiƙihu, aibin da aka ɓoye wa mai saye yana ba shi damar mayar da kaya, to amma a rubuta kwanakin da aka amince a kai, don kada a koma ana ka-ce-na-ce.

Inji: da safe, yana sanyi

Ka sa lokacin ganin babur da sassafe, kuma da isarka ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an tashe shi kafin ka zo, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da gajiyar ringi. Ka ce za ka dawo gobe, kada a taɓa shi.

Fara da baƙin mai. Zaro ma'aunin ka murza man a yatsa. In kana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, inji na cin kansa. In man ya yi kauri fiye da kima, a yi hattara, domin wasu na zuba mai kauri da gangan ya rufe ƙara da hayaƙi na 'yan kwanaki. Sannan a kwance fulogi. Bakinsa ya zama ruwan ƙasa a bushe. Baƙi mai maiƙo na nufin baƙin mai na haurawa sama. Fulogi sabo fil a tsohon babur kuwa tambaya ce da ya kamata a amsa maka.

Taka kik a hankali ka ji ko yana turjewa. Wanda ke sauka salalaf ba turjiya, matsin injin ya tafi. Da ya tashi, bar shi a silo ka saurara, kada ka yarda a riƙa murɗa totur ana cika maka kunne. Ƙara iri uku ce. Ɗan “tik-tik” daga sama galibi bawul ne, saiti kawai yake so, kuɗinsa kaɗan. Karkarwa daga gefe, wadda ke ƙaruwa in an saki totur, kacar cikin inji ce ta saki, gyaran matsakaici ne. Amma bugu mai nauyi daga ƙasa, “ƙwal-ƙwal”, wannan konrod ne ko boris ɗin karanshaf, sai an raba inji biyu, kuma nan kuɗi ke tafiya.

Hayaƙi ma magana yake. A injin da ba ya ƙona baƙin mai da fetur tare, wato Boxer, roba-roba da Honda, bai kamata a ga hayaƙi ba. Shuɗi-shuɗi na nufin ringi ko robar bawul sun gaji. Baƙi kuma kafireto ne ko matacin iska ya toshe, abu mai sauƙi.

Akwai wuri ɗaya da masu saye ke tsallakewa, ni kuwa shi na fi ba muhimmanci a ƙasar nan tamu ta yashi da ƙurar hunturu: akwatin matacin iska. A buɗe shi. In sosan ya yage, ko babu shi gaba ɗaya, ko ka zura yatsa cikin robar da ta nufi kafireto ka fito da ƙura, to wannan injin ya daɗe yana shaƙar yashi. Ko da yau yana kuka lafiya, fistin da bulok sun riga sun goge. Mai babur ɗin da ya kula da wannan soson, da wuya ya yi sakaci da juyen baƙin mai.

Kowa zai ce maka “ba a taɓa buɗe injinsa ba.” Dubi kawunan notocin. In sun cinye, ko ga gam ya fito ta bakin gaskit, an buɗe. Buɗe inji ba laifi ba ne a tsohon babur, ƙaryar ce matsala. Tambayi me aka canja, wa ya yi aikin, kuma fistin ɗin na asali ne ko an faɗaɗa bulok da milimita 0.25, 0.50 ko sama. Wanda ya kai 1.00 ya zo ƙarshe, gaba sai sabon bulok.

Ƙashin babur da sauran ma'aunai

Inji ana gyara shi ya dawo. Shasin da ya karye ko ya karkace ba ya dawowa daidai. A cire sit da murafan gefe, in da hali a ɗaga tanki, ka nemi walda a wuya, ƙarƙashin sit, da inda kariya ke kamawa. Tsaya a baya ka hango ko tayar gaba da ta baya suna layi ɗaya. Ɗora shi a babban sitan ka girgiza tayar baya hagu da dama. A kan hanya ka sassauta riƙon kai ka ji ko yana ja gefe guda.

Mita ba shaida ba ce, domin cire wayarta aikin minti ɗaya ne. Robar matakin ƙafa, matakin birki, kik da haƙoran faifan kaca su ne ke faɗin gaskiyar tafiyar da aka yi. Haska cikin tanki da fitilar waya ka ga ko da tsatsa, musamman babur ɗin da ya rayu a kan man 'yan bumburutu. A jikin taya ana samun lambobi huɗu na mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Saura uku, a taƙaice. Kayan gyara da makanike: in ya lalace a Mashi ko Sandamu, za a samu kayansa a nan, ko sai an aika Kano? Shan mai: bambancin lita ɗaya a rana lita 30 ne a wata, sama da 360 a shekara, ka lissafa da farashin yau. Sai farashi na gaskiya, wanda ba shi ne abin da ka miƙa wa dillali ba, a'a, kuɗin saye ne da la'ada da gyaran watan farko. Farashin babura na bin dala, don haka ka tambayi kuɗin sabonsa a makon da kake ciniki ka auna da shi. In jimillar ta doshi kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo, a babur ɗin da ya haura shekara biyar, ka sake tunani.

Boxer

Ƙirar kamfanin Bajaj ne na Indiya, wanda aka fi gani shi ne mai inji 100 da giya huɗu, doguwar kujera da kariya mai ƙarfi. Ba banza 'yan kabu-kabu suka rungume shi ba: yana ɗaukar kaya, ba ya shan mai sosai, kuma yana jure hanya mara kyau. A kasuwar hannu yana da tsada, ya kuma fi kowanne saurin fita ranar da ka so sayarwa. Kayan gyaransa kuwa har ƙauye, sai dai hawa-hawa ne, akwai gangariya akwai jabu, kuma kwalinsu kusan iri ɗaya.

Matsalarsa ita ce da wuya ka samu wanda bai yi aikin haya ba. A nan tambaya ɗaya ta fi duk wani dube-dube: mai shi ne ke tuƙawa, ko yaro aka ba yana kawo balas? Wanda ya sayi babur da guminsa yana ci da iyalinsa a kai, yakan juye baƙin mai a kan kari, yana jin ƙaramar ƙara ya tsaya wajen makanike. Wanda ke kawo balas kullum, ko wanda ke tseren kammala biyan kuɗin babur kaɗan-kaɗan, ba ruwansa da gobe. Baburan biyu na iya zama 'yan shekara ɗaya, launi ɗaya, amma ɗaya saura shekaru a gabansa, ɗayan saura watanni.

A Boxer ka matsa wa kuloci: sa giya ta huɗu, buɗe totur, in kuka ya ƙaru gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Saurari kacar cikin inji. Duba shokozoban baya da ƙarfen da ke ƙarƙashin kariya, domin buhunan masara da jarkoki a nan suke barin tabo. Haɗarinsa na biyu takarda ce: ya fi kowanne yawan canja hannu, ɓarayi kuma na son sa. TVS, ɗan'uwansa na Indiya, duk wannan bayanin ya hau kansa, sai dai kayansa ba su kai na Boxer yaɗuwa a ƙauyuka ba.

Tsohon Jincheng mai hayaƙi

Wannan shi ne AX100, wanda kamfanin Jincheng na China ya ƙera a kan tsarin Suzuki AX100. Shi ya riƙe kabu-kabu kafin zuwan Boxer. Injinsa ba bawul, ba kacar ciki, yana ƙona baƙin mai na musamman tare da fetur, shi ya sa hayaƙi a wajensa ba ciwo ba ne. Shi ne mafi araha cikin huɗun, kuma ba makaniken da bai san cikinsa ba. Canja fistin da ringi aikin zama ɗaya ne.

Amma araharsa a wajen saye ce kawai. Ya fi sauran shan fetur nesa ba kusa ba, ga kuɗin baƙin man da yake ƙonawa a kai a kai. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ana iya kau da kai. Yanzu ba a iyawa. Wanda zai hau shi kullum, abin da ya rage a farashi zai mayar wa gidan mai kafin shekara ta zagayo.

Wajen duba shi, tambayi famfon baƙin mai. Da yawa an kashe famfon, ana zuba man a tanki da ka, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan, kuma ranar da ya yi kaɗan fistin ke kamewa. A cire murfin hagu a girgiza maganeto, in yana motsi sama da ƙasa boris ɗin karanshaf ya tafi. In hayaƙin fari ne mai kauri kuma man giya na raguwa, robar karanshaf ta ɓangaren kuloci ce ta mutu. Salansa ma kan toshe da baƙin gawayi ya kashe masa ƙarfi. Ga shi yawancin waɗanda suka rage sun tsufa ƙwarai, wayoyinsu duk ɗauri ne, fitila ba haske. Ranar sayarwa kuma sai ka yi haƙuri da abin da aka taya.

Roba-roba

Ƙananan nan masu inji 110 da robobi a jiki, na Jincheng, Haojue, Lifan da sauransu. Asalin tsarin injinsu na kwance daga Honda Super Cub ne, wanda ya fito tun 1958. Ba a matsa kuloci da hannu, taka giya kawai ake yi. Su ne mafi ƙarancin shan mai, tankin ma kamar lita 4 ne. Mai babbar riga ko doguwar shadda zai hau ya sauka ba tare da kaca ko inji sun ɓata masa kaya ba, kuma dattijo ba ya shan wahalar ɗaga ƙafa.

Babbar falalarsu a kasuwar hannu ita ce yawanci ba su yi haya ba. Nan ne ake dacewa da babur mai hannu ɗaya, rasit ɗinsa na asali a cikin leda, mai shi sananne a unguwa. In ka samu irin wannan a hannun ma'aikacin da ya sayi mota ko ya yi ritaya, ka samu abin da ya fi komai daraja a wannan kasuwa. Farashinsu matsakaici ne, Haojue kuma ya fi sauran riƙe kuɗinsa.

Sai dai “na gida ne” ba ta isa ba. Wa ke hawa a gidan? Roba-roban da samarin gida ke karɓa-karɓa da shi, a hau mutum uku a yi tsere a titin Ƙofar Ƙaura, ya fi na kabu-kabu shan azaba, ga shi ba wanda ke tuna baƙin mai. Injin kuwa man da yake ɗauka bai kai lita ɗaya ba, ɗan sakaci kaɗan ya ishe shi. Robobin ma mayafi ne: sabuwar roba a tsohon babur na iya rufe karo, saboda haka a kwance ta gaba a ga ƙarfen. Wanda ya daɗe a ajiye a zaure kuma yana da nasa ciwon, tsatsar tanki, kafireto da ya daskare, batir da ya mutu, tayoyi da suka tsattsage ko da haƙoransu na nan. Waɗannan duk masu sauƙi ne, amma a cire kuɗinsu daga farashi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne yanayinsa: injin na kusa da ƙasa, ba ya son yashi mai zurfi, ba ya son kaya.

Honda da 'yan kwaikwayonsa

Honda CG125 ya fito a 1975, an kuma tsara shi ne musamman don ƙasashen da ba a cika kula da inji ba. Maimakon kacar ciki, sanduna ne ke tura bawul, abin lalacewa ya ragu ke nan. Kamfanin na da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979, a 2011 kuma ya fito da Ace CB125 don kasuwar Nijeriya. Honda na asali da aka riƙe da kyau ya fi kowanne daɗewa, ƙarfensa ma daban ne. Kuɗinsa ma haka, ko tsoho ne. Kayan gyaransa na asali suna da tsada, kuma ba kowane shago ba.

Haɗari biyu ke tattare da shi. Na farko, sunan Honda a tanki ba ya nufin Honda ne a ciki. An sha ɗora injin China, ko a cika na asalin da kayan China har ba abin da ya rage sai murfi. Nan lambar inji da makanike mai ido ke aiki. Na biyu, babur mai ƙarfi da juriyar daji ido na kansa, na ɓarayi da na jami'an tsaro. Wanda harkarsa ke kai shi wajen Batsari, Safana, Ɗanmusa ko Jibiya ya sa wannan a lissafi, takardunsa kuma su kasance a jikinsa kullum.

Na China masu inji 125 da 150 da aka kwaikwayo daga CG kuwa, injin kan yi ƙarko, kayansa kuma na shiga wa juna ko da sunan kamfanin ya ɓace daga kasuwa. Sauran jikin ne ke riga injin mutuwa: wayoyi, makunnai, notoci da jijjiga ke kwancewa, tanki mai yoyo. Suna da araha, suna da ƙarfin jan kaya, sun fi Boxer shan mai, kuma ba sa riƙe farashi.

| Ma'auni | Boxer | Jincheng AX100 | Roba-roba | Honda na asali | Kwaikwayon CG |
|---|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Sama | Mafi ƙasa | Tsakiya | Mafi sama | Ƙasa zuwa tsakiya |
| Shan mai | Kaɗan | Mafi yawa | Mafi ƙanƙanta | Matsakaici | Da ɗan yawa |
| Ƙarko | Sosai, in mai shi ya tuƙa | Ya danganta da baƙin mai | Sosai a cikin gari | Mafi daɗewa | Inji ya fi jiki |
| Kayan gyara | Ko'ina | Akwai, inganci ya ragu | Cikin gari | Tsada, ba ko'ina ba | Da sauƙi |
| Kaya da hanyar ƙauye | Ya dace | Matsakaici | Bai dace ba | Ya dace | Ya dace |
| Babban haɗari | Gajiyar haya, takarda | Kamewar fistin | Karo a ƙarƙashin roba | Injin da aka musanya, sata | Wayoyi da jijjiga |
| Sayarwa daga baya | Nan da nan | Da wuya | Da sauƙi | Da sauƙi | Da asara |

Ranar ciniki

Ka je da makanikenka, ba wanda dillali ya nuna maka ba, ka kuma biya shi kuɗin aikinsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, don kada ya zama yana da riba a cikin “saya kawai, Alhaji, lafiyarsa ƙalau.” Gwajin ma kada ya tsaya a zagaye ɗaya kan kwalta. Ɗauki makaniken a baya, ku shiga hanya mai gargada, ku bi duk giyoyin ku ji ko akwai wadda ke fita da kanta, ku yi tafiyar da injin zai yi zafi sosai. Da kun dawo a kashe shi a sake tayarwa, sannan a duba ƙasa ko yana ɗiga. Mai babur ɗin da ya hana a kwance fulogi ko a cire sit, cinikin biri a sama yake so ku yi. Kuma kada ka kashe duk abin da ke hannunka a saye. Ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don juyen mai, soso, fulogi, birki, wataƙila da kaca da taya.

To, wanne ne naka?

Malamin makaranta, ma'aikacin sakatariya, ko ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin gari da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko kwalejin Hassan Usman: roba-roba mai hannu ɗaya, ko da ya fi sauran shekaru. Ka yi haƙurin nema ta hanyar abokan aiki da 'yan unguwa kafin ka je wajen dillalai, domin irinsa ba ya kaiwa kasuwa.

Wanda zai ci abinci da babur ɗin, kabu-kabu ko kai kaya: Boxer, amma wanda mai shi ya tuƙa da kansa, ko da za ka ƙara kuɗi. In abin da ke hannunka bai kai na irin wannan ba, gara ka ƙara tari da ka ɗauki wanda yaran balas suka gama da shi, domin ranar da babur ke wajen makanike ranar ba cefane.

Manomi ko ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye daga Daura zuwa Mai'aduwa, Zango da Baure, da buhu a baya: Boxer in kana son kayan gyara a duk inda dare ya yi maka, kwaikwayon CG in kuɗin bai kai ba kuma kana da makaniken da zai bi wayoyin ya ɗaure notocin tun ranar farko.

Mai hali da ke son babur ɗin da zai riƙe shekaru, yana kuma da wurin ajiya mai ƙofa da kwaɗo: Honda na asali, bayan an tabbatar da injin da takardun.

Tsohon Jincheng kuwa na mutum ɗaya ne: wanda kuɗinsa ya tsaya nan, tafiyarsa gajeriya ce kuma ba ta kullum ba, zuwa gona ko kasuwa sau biyu a mako. Shi ma a tabbatar famfon baƙin man na aiki kafin a biya, in kuma an kashe shi, makanike ya nuna maka ma'aunin da za ka riƙa zubawa a kowace lita.